Kazar da Ban Karya wa Ƙafa Ba

Ƙarfe sha ɗaya ne na safe, ranar Talata. An kwana ana ruwa a Yendi, rana ta fito amma ba ta da zafi, tashar mota duk ta zama taɓo. Ina rumfata a bakin tashar inda nake gyaran babur, na kwance wani inji na baza kayan cikinsa a kan kwali, sai ga Ubaida ta iso da tef ɗin awo rataye a wuya.

Ku da kuke karanta wannan, bari in gaya muku ko wace ce kafin in yi nisa. Ubaida 'yar Afa Sulley ce, malamin da ke karantar da yara a zauren gidansa a bayan kasuwa. Tela ce. Wata huɗu kafin wannan rana kawuna ya taso daga Salaga ya kai goro gidansu, aka karɓa, aka sa biki bayan babbar salla. Ni sunana Sualihu, amma ita ba ta taɓa kirana da shi ba. Fita take ce min, yadda ake kiran makanike a nan.

"Fita, miƙe in auna kafaɗar nan, kaftanin biki zan yanka."

"Hannuna duk baƙin mai ne."

"Ba hannunka zan yi wa ɗinki ba. Miƙe."

Na miƙe. Atamfa kore ce a jikinta, da mayafi ruwan ƙasa, ta ɗage bakin zanin kaɗan saboda taɓo. Ta auna, ta rubuta a tafin hannunta da biro.

"Kullum ramewa kake. In ka ƙara kafin biki, da kai da kaftanin zan haɗa in mayar wa kawunka."

"Ki fara girka min mana tun yanzu."

"Ka biya sadaki tukun," ta ce, ta juya tana dariya.

A gaban rumfata akwai motar albasa ta Alhaji Ɗanlarai, ɗan kasuwa daga Bawku da ke sauke kaya a Yendi duk mako. Direban ya tafi cin abinci. Masu tasha suka ce motar ta tare hanya, sai Mutawakil, ɗan ƙanwar Alhaji da ke bin motar yana ƙirga buhu, ya hau ya tayar. Motar ba ta da madubin dama. Ya daɗe da karyewa, ni da bakina na sha gaya musu. Ya sa ribas, ba mai duba masa baya. Ubaida ta raɓe a jikin simintin magudanar ruwa don ta ba shi hanya. Tayar baya ta zame a taɓo.

Na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Ba ta yi ihu da farko ba. Ni ta kalla.

A asibitin Yendi likita ya ce ƙashin ƙafar dama ya karye biyu a ƙasan gwiwa, kuma ya fasa fata ya leƙo. Ya ce a wuce da ita Tamale a yi aiki. Ya ba Afa wata takarda ya ce a kai wa 'yan sanda. Mutawakil kuwa tun kafin azahar ya shiga motar Bawku. Wasu sun ce har ya tsallaka iyaka ta Kulungugu.

Washegari da hantsi Alhaji Ɗanlarai ya iso. Farar shadda, hula mai tsada, yara na biye da katan ɗin milo da madara da kiret biyu na ƙwai. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban Afa a zaure, da dattawa biyu na unguwa. Ni ina bakin ƙofa, a tsaye.

"Afa, ni da kai ba mu kai ga 'yan sanda ba," ya ce a hankali. "Yaron nan maraya ne. Kuma 'yarka 'yata ce. Tamale ɗin da suke cewa, da sun ga ƙashi a waje zarto suke ɗaukowa. Yarinya ana shirin bikinta."

Daga bayan labule Gwaggo Sana, yayar Afa, ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Ni na san mata biyu da suka tafi da ƙafa suka dawo da sanda."

Alhaji ya ce akwai wani tsoho mai ɗori a Salaga, Baba Kanyiti, har Bawku ana labarin hannunsa. Sai daga baya na sani cewa Mutawakil ba shi da lasin, kuma inshorar motar ta ƙare tun kafin azumi. Da takardar nan ta isa ofis, motar ta tsaya ke nan, a tsakiyar lokacin albasa.

Afa ya ɗago ya dube ni.

"Sualihu, kai ɗan Salaga ne. Ka san mutumin?"

"Na san shi, Baba. Shi ya ɗora min hannu da na faɗo daga mangwaro ina yaro."

Gaskiya na faɗa. Amma har yau ina jin nauyin maganar nan a bakina.

Alhaji ya ɗora hannu a ƙirji. "Dattawa ku shaida. Ci da sha da magani da mota, duk ɗawainiyarta a wuyana take, har ranar da kaza ta taka ƙasa."

Afa ya ninke takardar 'yan sanda ya sa a cikin wani littafi. Da yamma ya je asibiti ya sa hannu cewa shi ya ɗauke 'yarsa da kansa. Likitan ya daɗe yana yi masa magana a tsaye a baranda. Afa yana ta cewa to, to, idonsa a ƙasa.

Wanda bai san yadda Baba Kanyiti yake aiki ba zai ce mece ce ta kawo kaza. Ga yadda yake yi. In aka kawo masa mace, a kawo da kaza, in namiji ne, zakara. Zai karya ƙafar kazar daidai inda ta mutum ta karye, ya ɗora su rana ɗaya, da magani ɗaya, da kara iri ɗaya. Ta mutum yana buɗewa duk kwana uku ya shafa man kaɗanya da wani baƙin gari. Ta kaza ba ya taɓawa sai kwana ashirin da ɗaya. Ranar in ta taka, to an san ɗori ya kama.

Da aka kwantar da Ubaida a gabansa ya daɗe yana kallon ƙafar. Idonsa ya yi rauni, sai ya kawo fuska kusa.

"Wannan a buɗe yake," ya ce. "Ban cika son irin wannan ba."

"Baba, saboda hannunka muka baro likita," in ji Alhaji.

Tsohon ya gyara zama. Ya miƙa hannu aka ba shi kazar. Wake-wake ce, baƙi da fari, Alhaji ya saya a kasuwar Salaga. Na kau da kai lokacin da ya karya.

Aka ba Ubaida wani ɗaki a gidan, mai ƙaramar taga da labulen buhu. Katifa a ƙasa, tabarma ta mahaifiyarta Mma Azara, wata ta Gwaggo Sana, gwangwanayen milo a jere a bakin taga. Kazar aka kife ta da kwando a bakin ƙofa. Ni na rufe rumfata na dawo gidan mahaifiyata, layi uku tsakaninmu. Ruwa, itace, kokon safe, duk ni ne. Ba a barina in zauna a ɗakin, sai in gaishe su daga waje. Bango ɗaya ne tsakaninmu amma ta saƙon waya muke hira.

"Fita, ka ba ƙanwata dawa?" Kazar take nufi. Tun kwana na biyu ta sa mata suna.

"Na ba ta. Ta fi ki ci."

"Ita ba ta da kaftanin wani a wuyanta."

"Bar kaftani. Da singileti ma zan zo ɗaurin aure."

"Baba zai kore ka da carbi."

A kwana na shida saƙon ya canja.

"Ƙanwata ba ta yi kuka ba yau. Duba min ita."

"Lafiyarta lau, zafi ne ya dame ta."

Ina ganin tana rubutu tana gogewa. Sannan:

"Gwaggo ta ce in kaza ta mutu mai ƙafa ma ba ya kwana bakwai. Gaskiya ne?"

"Kada ki ƙara faɗar wannan."

"Ina jin tsoro, Fita."

Lokacin da aka ɗora ni ina yaro zakarana bai mutu ba, ban taɓa tambayar abin da ake yi in ya mutu ba. Kuma kunya ta hana ni tambayar Baba Kanyiti, kada ya ce ina yi wa aikinsa mugun fata.

Kwana na tara Juma'a ce. Maza duk sun tafi masallaci, har Baba Kanyiti da sandarsa. Ni na makara saboda layin famfo. Mma Azara tana wanki a bayan gida, Gwaggo tana minshari a ɗaki. Na sauke jarka, na ɗebo dawa a aljihu, na ɗaga kwando.

Tana kwance a gefe ɗaya, ido a rufe, ta sandare. Ƙafar ta kumbura ta yi kore a ƙarƙashin tsumma. Tururuwa sun riga ni.

"Fita, kai ne?" Muryarta daga ciki, ƙasa-ƙasa don kada ta tashi Gwaggo. "Ya ƙanwata?"

"Barci take."

"Bar ta ta huta."

Ban yi wani dogon tunani ba, kada ku ɗauka na zauna na shirya. Na cusa kazar a buhun da nake ɗauko itace, na fita da sauri. A gidanmu mahaifiyata tana da kaza wake-wake, kusan girmansu ɗaya. Na kama ta a bayan ɗakin girki. Na kwance karan daga matacciyar, na wanke, na wanke tsumman. Sannan na riƙe ƙafar mai ran da hannu biyu, yadda na ga Baba ya riƙe kafin in kau da kai.

Wallahi na yi niyyar karyawa. Amma jikinta da ɗumi, zuciyarta na bugawa a tafin hannuna, ta juyo da kai tana kallona da ido ɗaya. Na matsa kaɗan, ta yi ƙara, na saki. Sau uku. Ban iya ba. Sai na naɗe ƙafar, na jera karan, na ɗaure tam yadda ba za ta iya saukewa ba. Ɗayar na binne a bayan banɗaki. Kafin a sallame Juma'a kwando yana inda yake, da kaza a ciki.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Na ji ƙanwata tana ta surutu. Ta samu sauƙi ko?"

"Sosai."

"Alhamdu lillahi. Yau zan ci abinci."

Ta ci kuwa. Mma Azara ta fito da kwano babu komai a ciki tana murmushi. Ranar na koma gida ina ganin na yi abin kirki.

Daga nan kwana goma sha biyu suka biyo. Zazzaɓi ya fara zuwa mata duk yamma. Saƙonni suka gajarce, daga baya sai "to" da "na gode". Akwai wani wari da ke fitowa ta ƙarƙashin labule, Gwaggo tana kunna turaren wuta safe da yamma. Baba in ya buɗe ƙafar yakan daɗe, sannan ya fito ya tsaya a kan kwandon ya saurara. Kaza tana ci, tana kuka, tana fisgar dawa. Sai ya gyaɗa kai ya wuce. Ni kuma in ce wa kaina warin magani ne.

Ranar ashirin da ɗaya Alhaji ya zo daga Bawku, Afa ya zo daga Yendi da dattawan nan biyu. Aka jera benci a gindin bishiyar nim da ke tsakar gida. Maƙwabta suka leƙo. Baba Kanyiti ya zauna a kujerarsa, aka miƙa masa kaza, ya warware tsumma, ya zare kara, ya ajiye ta a ƙasa.

Ta miƙe ƙafar sau ɗaya, ta girgiza jiki, ta ruga a guje. Ta haye turmi, ta diro, ta bi wani zakara har ƙofar gida. Tsakar gida ta ɗauki dariya da hamdala. Wata mata ta yi guɗa.

Alhaji ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Jama'a, ido ya gani. Na ce har ranar da kaza ta taka. Ba takawa ta yi ba ma, gudu ta yi."

"Ka cika," in ji babban dattijon. "An sauke maka."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Afa ya buɗe jakarsa ya zaro takardar 'yan sanda, har yanzu a ninke, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Alhaji ya yaga ta gida huɗu ya sa a aljihu.

"To a fito da amarya ta taka mu gani," wani ya ce.

An ɗaura mata sabon zani, shuɗi, an sa mata kwalli. Kwallin ne ya fi nuna yadda idon ya faɗa. Leɓenta duk ya tsage. Mma Azara ta riƙe hagu, Gwaggo ta riƙe dama, suka fito da ita tana tsalle da ƙafa ɗaya, kowane tsalle tana cije baki.

"Taka," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ba zan iya ba."

"Taka, mutane na kallo."

Ta sauke ƙafar. Gwaggo ta saki hannu. Sautin da ya fito daga bakin Ubaida ban taɓa jin irinsa daga mutum ba, kuma ba shi da ƙarfi. Ta zube a ƙasa, zanin ya kwance, Mma Azara ta faɗa kanta tana rufe ta.

"Kaza ma ta taka," Gwaggo ta ce tana huci. "Kaza, da ba ta shan milo ba ta cin ƙwai. Ke kin ji daɗin kwanciya ana kawo miki. An gama, Alhaji ya tafi da gwangwaninsa, sai ki tashi."

Alhaji ya yi gyaran murya. Muryarsa a sanyaye, kamar mai ba da shawara.

"Ni dai abin da na ji daga manya, wani lokaci ba ƙashi ba ne. In yarinya tana da abin da ta ɓoye a ranta, ɗori ba ya kama ta. Ban ce komai ba. Amma magani ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ɗaya ta tashi, ɗaya ta ƙi."

Na ga idanu suna tashi daga kanta suna sauka a kaina, suna komawa. Afa, mutumin da yaran unguwa guda suke durƙusa masa, fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Ya matso ya tsaya a kan 'yarsa.

"Ubaida. In akwai abin da ya shiga tsakaninki da yaron nan, ki faɗa yanzu ki huta."

"Baba..."

"Ki faɗa."

"Babu komai, Baba. Wallahi babu."

"To ki tashi ki taka. Ku ɗaga ta."

Suka sake kama ta. Da suka ɗago ta na ga wani ruwa rawaya yana bin tsumman, ya gangaro ta idon sawu ya ɗiga a ƙasa. Ƙudaje suka taso. Ta nemo ni da ido a cikin mutane har ta same ni a jikin randa.

"Fita," ta ce, "ƙanwata ta warke. Ni me na yi?"

Ban san lokacin da na fito tsakiya ba. Na durƙusa.

"Ku sake ta. Ba kazar ba ce."

Ba wanda ya gane. Na sake faɗa, na faɗi duka, daga kwando har bayan banɗaki. Ina yi ina kallon ƙasa. Da na gama Alhaji ya yi 'yar dariya.

"Ƙarya yake. So yake a mayar min da kaya."

"A kamo min kazar," in ji Baba Kanyiti.

Sai da aka zagaya gidan sau biyu kafin a kama ta. Tsohon ya ɗora ta a cinya, ya rufe ido, ya bi ƙafar da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Ya kama ɗayar ƙafar ya gwada.

"Babu ƙulli," ya ce. "Ƙashin da ya karye ya haɗe yana barin ƙulli. Wannan ba a taɓa karya ta ba. Ɗazu ban shafa ba. Na ga ta ruga, raina ya yi fari, ban shafa ba." Ya saki kazar. Ya juyo inda nake. "Yaushe ta mutu?"

"Kwana na tara, Baba."

Ya daɗe yana motsa baki, yana ƙirgawa.

"Yaro, ka san abin da nake yi in kaza ta mutu?"

"An ce mai ƙafa ma mutuwa yake."

"Wa ya ce?"

Ban kalli Gwaggo ba. Ita ma ba ta yi motsi ba.

"In kaza ta mutu, a ranar nake kwance ɗorina in ce a nemi mota a tafi asibiti. Haka ubana yake yi, haka nake yi. Gaya min take hannuna bai isa wannan ba. Tun kwana goma ƙafar nan take ba ni tsoro. In na fito in ji kaza tana ci, sai in ce tsufa ne ya sa ni tsoro." Ya goge ido da bakin riga. "Kwana goma sha biyu ka ɗauke wa yarinyar nan."

Ya sa aka kwantar da ita a tabarma ya warware tsumman a gaban kowa. Ba zan rubuta muku abin da na gani ba. Matar da ta yi guɗa ta toshe hanci ta fita.

Babban dattijon ya juya wajen Alhaji. "To, Alhaji, tunda abin haka ne..."

"Tunda yaya ne?" Alhaji yana sa takalminsa. "An yi fatiha ko ba a yi ba? Motata ta karya ƙashi, ban musa ba. Ƙashi ɗora shi ake yi. Ruɓewa kuma ba motata ba ce. Ga wanda ya sa hannu a magani ya ɓata, ya faɗa da bakinsa. Kuma wa aka tambaya a zaure ko ya san mai ɗorin?"

"Alhaji," na ce, "motar ba ta da madubi. Kuma ba direba ne a ciki ba. Na ga wanda ya tuƙa."

Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Duk tashar Yendi sun san direbana ne a ciki. Ka je ka tambaya. Kai kuma, ɗana, wa zai karɓi shaidar mutumin da ke musanya kaza ranar Juma'a?"

Ya yi sallama ya fita.

Na ɗauka Afa zai mare ni. Da ya mara da na fi jin sauƙi. Ya tsaya ne kawai a gabana ya ce, "Ka gaya wa kawunka ya zo ya karɓi goronsa."

Aka samo wata tasi. Da ake ɗaukar Ubaida a tabarma aka biyo da ita ta gabana. Idonta a buɗe, babu hawaye.

"Kwana goma sha biyu," ta ce, "ina yi wa kazar uwarka addu'a."

Shi ke nan abin da ta faɗa min. Sunana na Fita ma ba ta kira ba.

Na ari babur na bi tasin a baya har Tamale, ruwa ya ɓata hanya, ina ganin kan Gwaggo ta gilashin baya duk ramin da suka faɗa. A babban asibiti ba wanda ya ce min tafi, ba wanda ya ce min zauna. Na samu gindin wata bishiya daura da ɓangaren mata, nan nake wuni. Na tura mata saƙo guda ɗaya: "Ki yafe min." An buɗe. Ba amsa.

Na Alhaji ne ya shigo, saƙon murya, da gaisuwa da tambayar gajiya. Ya ce ranar Asabar dattawa za su zauna a Yendi, in zo da kawuna, a rubuta a takarda cewa ɗawainiyar ƙafa ta koma kaina. Ya ce in na zo da ladabi zai taimaka min da wani abu saboda Allah. In kuma na ci gaba da maganar madubi, rumfata a filin tasha take, kuma ya san masu tasha.

Na saurara sau biyu. Ban amsa ba tukun.

Yau kwana biyu ke nan. Ɗazu bayan azahar likita ya kira Afa ciki. Ya daɗe. Mma Azara ce ta fara fitowa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zauna a dandamali. Na ji tana gaya wa Gwaggo, muryarta kamar ta mai mura: za a yanke ƙafar, ƙasan gwiwa, gobe da safe. Gwaggo ta ce ikon Allah, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Afa ya fito daga baya. Ya zauna a benci shi kaɗai, biron da ya sa hannu da shi har yanzu yana hannunsa, ya manta bai mayar ba. Aka kira la'asar daga wani masallaci a bayan katanga. Ya ɗauko butarsa daga ƙarƙashin benci, ya karkata ta a tafin hannu. Babu ko ɗigo. Ya je famfon tsakar asibitin ya murɗa, iska ce kawai ta fito. Ya dawo ya ajiye butar a ƙasa, ya zauna yana kallonta.

Na je bakin get na sayo ruwan leda guda huɗu. Na tsuguna a gefen bencin, na fasa su da haƙori ɗaya bayan ɗaya na juye a butar, na tura ta kusa da ƙafarsa, na koma gindin bishiyata.

Ya ɗauka. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Da ya zo kan ƙafar dama ya daɗe yana cuɗa ta, tsakanin yatsu, dunduniya, idon sawu, har ruwan ya kusa ƙarewa, da kyar ya ishi ta hagu. Sannan ya sa takalmi, ya wuce ta gabana zuwa masallaci. Bai dube ni ba.